Liyarin kaka da masu ba da maki ta waya

Ranar wata Talata a watan jiya, yara sun fita shan iska na ƙarfe goma, sai ga wata tsohuwa a ƙofar ajina. Jikanta ɗalibina ne a CM2, kuma kwana biyu ban gan shi ba, don haka na ɗauka zancen fashinsa ne ya kawo ta. Muka gaisa, ta zauna bisa bencin gaba, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙullin tsumma. Liyari uku ne a ciki. Biyu suna walƙiya kamar sabon marfin tukunya, ɗaya kuma baƙi ƙirin, da ɗan kunnen azurfa da maƙeri ya liƙa masa don rataya.

Ta ce, "Mushe, kai ka san rubutun Nasara. Duba mini, abin da aka gaya ma yaran nan gaskiya ne, ko sun ɓata mini kaya a banza?"

Na ce, "Inna, me aka gaya musu?"

Ga yadda abin ya kasance. Wan ɗalibina, wanda ya bar kwaleji bara, yana cikin wani zauren WhatsApp na masu neman tsofaffin kuɗi. Ya sa ƙanen ya ɗauko liyarin daga adakar kakarsu. Suka kwana biyu suna gurza guda biyu da toka da lemun tsami, suka ƙarasa da soson ƙarfe, suka ɗauki hoto suka tura. Cikin minti goma wani ya amsa da saƙon murya: ƙwandala ce ta 1780, ta haura shekara 240, darajarta "MS 65", kowace ɗaya ta kai miliyan uku, kuma akwai mai saye a ƙasar waje. Abin da ya rage kawai a aika jika 15 na takardar shaida. Yaron ya ɗauki kuɗin akuyar da uwarsu ta sayar don hatsi, ya aika. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Ɓarawon ba shi ne ya sa na zauna rubutu ba. Ɓarawo sana'arsa ya yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma maratayan a nan suna da yawa: waɗanda ba su karɓi ko dala ba amma sun maida kansu alƙalan sulalla a Facebook da TikTok, kowa ya turo hoto su yanka masa maki da farashi, da masu tura saƙonnin gaba ba tare da sun tsaya tunani ba. Na duba zauren malamai na yankinmu, na ƙirga sau huɗu da abokan aiki suka turo irin wannan talla a cikin wata uku. Malamai fa, masu alli a hannu. Waɗannan ne suka share ma ɓarawo fili, don su suka sa yara suka yarda cewa ana iya sanin darajar ƙwandala daga hoto. Ba a iyawa. Kuma mu da ba da maki ne abincinmu, mu ya kamata mu fara faɗin haka.

Bari mu fara da wannan "MS 65" da ya ruɗi yaran. Ba ƙirƙirarsa mutumin ya yi ba, aro ya yi. Wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ne ya fito da ma'aunin a 1949, daga 1 zuwa 70, don tsofaffin kwabban jan ƙarfe na ƙasarsu, daga baya aka shimfiɗa shi a kan sauran sulalla. Lamba 1 ita ce ƙwandalar da ta goge har da ƙyar ake gane ta. Daga 60 zuwa 70 kuwa na waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba ne, ba su yi yawo daga hannu zuwa hannu ba, suna nan yadda suka fito daga gidan buga kuɗi. Ma'anar MS ke nan. To, liyarin da ya yi aure uku a gida ɗaya, ya sha zufa, ya sha hayaƙin turare, sannan aka bi shi da soson ƙarfe, ta ina zai zama MS? Tamkar a ce yaron da bai zauna jarrabawa ba ya zo na ɗaya.

Faransawa suna da nasu tsani: B, TB, TTB, SUP, SPL, sai FDC a can ƙoli. Abin dariya ga malami shi ne TB ɗin da muke rubutawa da jan bik a kayen yaron da ya yi ƙoƙari, a wajen masu tara sulalla sunan ƙwandalar da ta sha wuya ne. B kuwa, wadda suke kira kyakkyawa, ita ce wadda ta kusa shafewa. Wanda bai san wannan ba, in aka ce masa kuɗinsa TB ne, sai ya fara lissafin sayen babur.

Manyan kamfanonin da duniya ta yarda da makinsu biyu ne, duka a Amurka suka samo asali: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC a 1987. Yaya suke aiki? Sai ka aika musu da ƙwandalar kanta. Ba mutum ɗaya ke duba ta ba. Suna riƙe ta ta gefe, suna juya ta ƙarƙashin fitila, suna leƙa ta da gilashin ƙara girma, in sun yi shakka su auna ta, sannan su rufe ta cikin ɗan akwatin roba mai lamba. Mutanen da suka yi shekaru ba su da aikin da ya wuce wannan, da kayan aikinsu da komai, ba su yarda su sa lamba a akwati ba sai abin ya zo hannunsu. Amma wani yana kwance a ɗaki, ya kalli hoton da aka ɗauka da tsohuwar waya a inuwar bedi, ya ce 65. Ba 64 ba, ba 66 ba. Wannan ƙarfin hali ko ni da nake gyaran kwafi shekara ashirin ba ni da shi.

Kuma ga abin da bai gaya ma yaran ba: a wajen waɗannan kamfanoni, ƙwandalar da aka gurza, ko aka huda, ko aka liƙa ma kunne, ba ta samun lamba sam. Sai dai su tabbatar ta gaskiya ce, su rubuta aibinta a jikin akwatin. Ke nan da toka da lemun tsami yaran suka fitar da kayan kakarsu daga ma'aunin gaba ɗaya. Garin gyaran gira suka rasa ido. Baƙin nan da azurfa ke yi in ta daɗe, wanda mu muke gani datti, masu tarawa shi suke so, don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Na ukun da suka raina suka bari saboda kunnensa, shi kaɗai ya tsira da fuskarsa.

Sai zancen 1780. A nan ne na fi jin haushin kaina, don abu ne da ya kamata a ce ɗalibina ya sani daga bakina. Matar da ke jikin liyari Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Da ta rasu, ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa sun riga sun saba da kuɗinta, ba su son wani. Sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta, ba a sake canzawa ba. An buga a Biyana, an buga a Roma, da Landan, da Paris, da Bombay, an buga sama da miliyan 300, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana bugawa, da 1780 ɗin nan a jiki. Wanda aka buga a zamanin kakanninmu da wanda aka buga bara, shekara ɗaya suke nunawa. Akwai ƴan ƙalilan na farko-farko masu tsada, gaskiya ne, kuma masana na gane su ta ƙananan alamomi. Amma abin da ke adakar yawancin iyayenmu darajarsa ita ce azurfar da ke cikinsa. Nauyinsa gram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1000 azurfa ne, wato wajen gram 23 na tsantsar azurfa. Ka ninka wannan da farashin gram a ranar, ka samu kuɗinsa. Jikkuna ne, ba su kai jika ɗari ba, balle miliyan uku.

Haka zancen yake ga tsohuwar dala ta azurfa ta Faransa, mai gram 25, wadda sunanta ya bi mu har yau muke ƙirga kuɗi da shi. Haka kuma anini da kwabo masu huji da ke yawo a gidajenmu na bakin iyaka. Za ka ji ana cewa kwabon 1936 mai sunan sarki Edward na takwas dukiya ne, wai don bai cika shekara a gadon sarauta ba. Bai cika ba kam, amma kwabban Afirka ta Yamma masu sunansa miliyoyi aka buga, shi ya sa suke da araha a wajen masu tarawa. Labari mai daɗi daban, ƙarancin abu daban. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Da yana sawa, da wurin da ke jikin layun tsofaffi ya sayi mota.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an ce. Wani abokin aikina, wanda ya turo ɗaya daga cikin tallan nan, ya ce, "Malam, ai su Turawan ma da hoto suke yi. Akwai littafi sukutum na hotuna." Gaskiyarsa. A 1970 wani mai suna James Ruddy ya fitar da littafin Photograde, wanda ya jera hotunan kowace irin ƙwandalar Amurka daga mafi gogewa zuwa mai kyau, kuma yanzu akwai irinsa a intanet. Amma a duba yadda ake amfani da shi. Ƙwandalar tana hannunka, hoton yana gabanka, kana gwada abin da ka riƙe da abin da aka buga. Hoton ma'auni ne, kamar takardar gyara da ake raba mana a wajen gyaran jarrabawa. Takardar gyara ba ta taɓa zama kwafin yaro ba. Abin da alƙalan waya ke yi shi ne gwada hoto da hoto, ko ma gwada hoto da son zuciya.

Ya ƙara da cewa manyan gidajen gwanjo ma hoto suke sawa mutane su saya daga nesa. Haka ne. Sai dai a can wani masani ya riga ya riƙe abin a hannu ya rubuta nauyinsa da aibinsa, gidan yana da suna da adireshi, kuma in ƙwandalar ta fito jabu akwai inda za ka koma. Mai saƙon murya fa, ina za a same shi?

Hujjarsa ta uku ita ce ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ya ce mu nan ba mu da masanin sulalla a Maradi ko Tasawa, aikawa Turai kuma sau da yawa kuɗin aike da na dubawa sun fi kuɗin ƙwandalar, to hoto bai fi babu ba? Ya fi, in an tsayar da shi inda ƙarfinsa ya tsaya. Hoto mai kyau zai gaya maka wace ƙasa ce ta buga, wane sarki ne, wace shekara aka rubuta, akwai huji ko babu, ta goge sosai ko da saura. Wanda ya ce maka "wannan liyari ne na Mariya Tareza, ga alama ya yi yawo, je ka auna shi" ya taimake ka. Wanda ya ba ka lamba da farashi ya wuce gona da iri, ko da zuciya ɗaya ya yi.

Don ga abin da hoto ba ya ɗauka. Ba ya ɗaukar nauyi. Ba ya ɗaukar ƙara. Yawanci ba ya ɗaukar gefe, alhali ƙwandala fuska uku gare ta, kuma gefen liyari na gaskiya yana da rubutu mai tudu da ado, na zubi kuwa sau da yawa za ka ga layin haɗi ko rubutun ya cushe. Sannan akwai sheƙin nan na sabuwar ƙwandala, wanda in ka karkata ta ƙarƙashin fitila za ka ga haske yana zagaya ta kamar ƙafar keke. Da shi ake rarrabe wadda ba ta shiga hannu ba da wadda aka goge ta yi ƙyalli, kuma ba a ganinsa sai abin yana motsi. Hoto kusurwa ɗaya yake kamawa. Ƙananan zanen da soso ya bari, ka juya ƙwandalar kaɗan su ɓace, ka sake juyawa su fito kamar shatar garma. Mai sayarwa ya san kusurwar da zai zaɓa. Ƙari a kan haka, wayoyin yanzu da kansu suke gyara hoto, su ƙara haske su lallashe fuska, WhatsApp kuma ya matse shi don kada ya ci kuɗin intanet. Abin da ya isa wajen alƙalin bai ma kai abin da idon yaron ya gani ba.

Mu gwada da namu aikin. Uba ya turo maka hoton shafi ɗaya na kayen ɗansa, rubutu tsaf, an ja layi da jan bik, ya ce ba shi maki bisa ashirin. Za ka bayar? Ba ka san ko shi ya rubuta ba, ba ka san ko kwafa ya yi daga allo ba, ba ka ga sauran shafukan ba. Dukanmu mun taɓa samun yaro mai kyan rubutu wanda bai iya karanta abin da ya rubuta ba, da mai rubutu kamar tafiyar kaza wanda lissafi ke gudu a kansa. A makarantar horon malamai abin da aka fi nanata mana ke nan: kada tsabtar takarda ta saye ka. To me ya sa in an zo ga azurfa muke mantawa?

Wani abu da na ci karo da shi ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Shi Sheldon ɗin, mai ma'aunin 1 zuwa 70, tara kwabbai sha'awarsa ce kawai. Aikinsa na ainihi nazarin halayyar ɗan Adam ne. Ya yi suna da duba dubban hotunan ɗaliban jami'o'in Amurka, yana ba jikinsu lambobi, yana cewa daga sifar jiki ana gane halin mutum. Masana sun daɗe da watsar da wannan ra'ayi. Ma'auninsa na kwabbai, waɗanda ya riƙe a hannu shekara da shekaru, shi ya rayu. Ban ce wannan hujja ce a kan komai ba, amma malamin da ke yanke ma yaro hukunci daga ganin rigarsa ranar shiga aji ya ɗan tuna da mutumin nan.

Abin takaicin shi ne mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Kafin takardar sefa, kafin ma Faransawa, kasuwanninmu sun san liyari. Barebari na ce masa gursu. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851 kan hanyarsa ta Katsina da Kano, ya ga yadda ake zama ana ƙirga wuri, ya kuma rubuta cewa a Kano ana canza ƙwandalar azurfa ɗaya da wuri 2500. Mutumin da zai ba da wuri 2500 ba zai karɓi abu don ya hango shi daga nesa ba. A Habasha da ƙasashen Larabawa an san ƴan kasuwa da shafa ɗan maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar da babban yatsa: in ƴan duwatsun da ke kewaye da shi sun shafe, kuɗin ya goge, sai a ƙi shi ko a rage masa daraja. Ma'auni ne wannan, kuma a yatsa yake. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke cinikin biri a sama.

Tsohuwar nan ma ta fi alƙalin wayar sani, kuma a gabana ta nuna. Da na gama yi mata bayani, sai ta ɗauki ɗaya daga cikin masu walƙiyar ta sake shi bisa simintin aji. Ya yi ƙara mai tsawo, siririya. Ta ɗauki ɗayan ta sake. Ƙarar ta bambanta, ko ni na ji. Ta ce, "Wannan dama ba azurfa ba ne, Mushe. Na ado ne, mijina ya sayo mini shi don ya cika uku. Ni na sani, su ne ba su tambaye ni ba." Ke nan mutumin da ya ba da MS 65 sau biyu, ɗayan makin jabu ya ba. A hoton kuwa, na gani da idona a wayar yaron, jabun ya fi na gaskiyar kyau.

Na roƙe ta ta bar mini su zuwa Alhamis. Na je kasuwa wajen wani maƙerin azurfa na aro ɗan sikelinsa na batir, wanda ke nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na gram. Ranar Alhamis na ajiye darasin da na shirya, muka yi wannan. Yara suka auna: na gaskiyar da aka gurza gram 27,6; na adon gram 24,4, alhali faɗinsu da kaurinsu kusan ɗaya. Muka kawo maganaɗisu, bai kama ko ɗaya ba, sai suka koyi cewa abin da maganaɗisu ya kama ba azurfa ba ne, amma wanda bai kama ba ma sai an ƙara bincike. Sannan muka ɗora ƙaramin kofin ruwa bisa sikelin muka maida shi sifili, muka ɗaure ƙwandala da zare muka nutsar da ita ba tare da ta taɓa ƙasan kofin ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girman jikinta, wajen 2,7 ga kowace. Sai rabawa. Ta farko ta ba da 10 da ɗan kai, wanda shi ne na azurfar liyari. Ta biyu ta tsaya wajen 9, kusa da na jan ƙarfe da danginsa. Rabawa mai waƙafi da na yi sati uku ina fama da su a kanta, ranar har masu zaman baya sun yi ta, don kowa na son ya san wace ce ta ƙarya. Ɗalibin nawa, mai laifin, shi na sa ya riƙe zaren.

Ban kawo wannan don a yaba mini ba. Na kawo shi ne don in nuna abin da ya rage mana bai da tsada: sikelin aro, zare, kofi, da awa ɗaya. Muna koyar da gram da kilo a allo, muna koyar da tarihin fatauci ta Sahara a allo, yaro ya haddace ya zuba mana a takarda, amma bai san abin da ke adakar kakarsa yana cikin darasin ba. Sai wani baƙo a waya ya zo ya ba shi labarin, da ƙarya a ciki. Da mun riga shi, da bai samu wuri ba. A da an yi yayin tsohon dutsen guga da tsohon keken ɗinki, wai akwai wani sinadari mai tsada a ciki, gidaje suka rabu da kayansu. Yanzu yayin sulalla ne. Gobe wani ne, kuma ta wayar yaro zai shigo.

Ga iyaye kuma, maganata ba ta hana sayarwa ba ce. Na san halin da ake ciki, na san akwai shekarar da liyari ke zama buhun hatsi, kuma dama don irin ranar tsofaffi suke ajiye shi. Amma mai abu ita ke sayar da abinta, da saninta, da rana tsaka. A kai wa maƙerin azurfa biyu ko uku, a auna a gabanku, a tambayi farashin gram a ranar. Kada a wanke, kada a gurza, ko da ruwan omo. In kuna zaton naku na daban ne, ku ɗauki hoton fuska biyu da gefe, ku rubuta nauyi da faɗi, ku tambayi sunansa da tarihinsa. Wannan tambaya ce da hoto zai iya amsawa. Duk wanda kuma ya ce ku fara aiko da kuɗi kafin ya saya, na takarda ne ko na kwastan ko na rajista, ku rufe wayar. Mai saye shi ke biya. Tun da aka fara kasuwa a duniya haka abin yake.

Akwai kuma abin da ma'aunin Sheldon ba shi da lambarsa. A wajen masu tarawa, kunnen da maƙeri ya liƙa ma liyari na uku aibi ne, ya zubar masa da daraja. Na tambayi tsohuwar labarinsa. Ta ce na uwarta ne, da shi aka kai ta ɗaki, ita ma da shi aka kai ta, kuma a shekarar yunwar 1984 sau biyu tana kai shi jingina tana fanso shi. Babu wanda ya taɓa ba jikokin wannan labari, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba tunda ba a tambaye ta ba. Na ba ajin aikin gida: kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu wane kuɗi aka yi amfani da shi a aurensa, nawa ne sadakin, me dala ke saye a lokacin. Na ce kada wanda ya ɗauko komai daga adaka, baki kawai nake so. Cikin yara 58, 41 sun kawo amsa, har da wadda kakanta ya zana mata anini a bayan kaye, da hujinsa da tauraronsa.

Abokan aiki da ke cikin zaurukan nan, ina roƙonku abu ɗaya. In aka turo hoton ƙwandala aka ce a kimanta, kada ku yi shiru don kunya, kuma kada ku tura gaba da "ko Allah zai sa a dace". Ku tambayi mai ba da makin nauyinta. Ku tambaye shi me aka rubuta a gefenta. Na gwada a zaure biyu. A ɗaya ba a amsa mini ba, a ɗayan an fitar da ni.

Jika 15 dai ba su dawo ba. Wan yaron yana ɗaukar kaya a tasha yana biyan uwarsa kaɗan-kaɗan, ya zuwa makon jiya ya kai jika shida. Na mayar wa tsohuwar da liyarinta uku ranar Juma'a, na ce mata wanda aka gurza zai sake yin baƙi da kansa in an bar shi, sai dai zanen soson ba zai fita ba. Ta ƙulle su a tsummanta, ta ce adakar yanzu da kwaɗo.